Tambaya da Amsa: Zaman Benci, Makin Ƙwazo da Sallama a Manyan Kamfanonin Kwangilar Fasaha

Wasiƙun wannan watan sun karkata ne ga aiki a manyan kamfanonin nan da ke karɓar kwangilar kwamfuta daga bankuna, kamfanonin inshora da gwamnatoci, irin su Accenture, TCS, Infosys, Wipro da Cognizant. Mun zaɓi biyar masu nauyi da ɗaya gajeriya. Mun cire sunayen masu tambaya da na kamfanonin da suke kuka da su. Wanda maganarsa ta kai ta kotu, ya nemi lauyan ƙwadago na ƙasar da yake zaune.

Assalamu alaikum. Na gama digirin kimiyyar kwamfuta a Indiya, wani babban kamfani ya ɗauke ni. Wata biyu ke nan ba a ba ni aikin komai ba, an ce ina kan benci. Albashi yana shiga. Abokaina na cewa na tsinci dami a kala, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Ɗan Kano, mazaunin Bangalore.

Wa'alaikumus salam. Kai ne da gaskiya, Malam. Irin waɗannan kamfanoni lokacin ma'aikatansu suke sayarwa. Duk awar da ka yi a kan aikin kwastoma ana rubuta ta, a tura masa takardar kuɗi. Awar da ka yi a benci ba wanda za a caja, albashinka daga aljihun kamfani yake fita. A idonsu kamar Keke Napep ne da aka ajiye a gida: mai shi bai karɓi balas ba, ga kuma bashin da ya saye shi da shi yana jira.

Lissafin da ake yi maka shi ne kason awanninka da aka caja. Awa 40 a mako, mako 52, ya ba da awa 2,080 a shekara. A ce ka yi mako 8 a benci, ka ɗauki hutun mako 4. Awa 480 sun tafi, saura 1,600, wato kashi 77 cikin ɗari. Kamfanin da ke cire hutu kafin ya raba zai ba ka kashi 83. Tambayi sashen ma'aikata wanne suke bi, da kason da ake so mai matsayinka ya kai. Ma'aikata da yawa sai ranar da aka kira su ofis suke jin wannan lamba.

Yanzu ma an ƙara matsawa. A watan Yunin 2025 TCS, mai ma'aikata sama da 600,000 a lokacin, ya fito da ƙa'idar cewa kowane ma'aikaci ya yi kwana 225 a shekara a kan aikin da ake caja, benci kada ya wuce kwana 35. Ranakun aiki a shekara kusan 260 ne, daga nan lissafin ya fito. Wata guda bayan haka ya sanar zai rage kimanin kashi 2 na ma'aikatansa, mutum 12,000 da ɗoriya. Sababbin ɗauka ma ba su tsira ba: a Fabrairun 2025 Infosys ya sallami ɗaruruwan masu koyon aiki a cibiyarsa ta Mysuru, a kan sun faɗi jarrabawar cikin gida sau uku.

Abin yi, ka fara da gano wanda ke rabon mutane ga ayyuka a sashenku. Sau da yawa ba shi ne manajanka ba, wani jami'i ne dabam mai riƙe da jerin guraben da kwastomomi suka buɗe. Ka riƙa aika masa imel kowane mako, gajere: ga ƙwarewata, ga guraben da na nema, ina nan a shirye. Ka gyara bayananka da ke rumbun kamfani, domin da kalmomi ake laluben mutum a ciki. Idan ka iya harsunan kwamfuta irin su Java da SQL amma ba ka rubuta ba, na'ura ba za ta fito da sunanka ba. Ka yi jarrabawar shaidar ƙwarewa ɗaya da ake nema a guraben da ka gani, ta AWS ko Azure misali, kada ka tara kwasa-kwasai goma da ba wanda ya tambaya.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne ƙin karɓar aiki. An ba ka gurbi a wani gari ko aikin dare, ka ce a'a da baki, aka rubuta a fayil cewa ka ƙi aiki. Ranar sallama wannan layin za a karanto maka. Idan akwai uzuri, ka rubuta shi, ka haɗa da abin da za ka iya karɓa a madadinsa.

Shekarata huɗu a wani kamfanin kwangila a Amurka. Duk lokacin da aiki ya ƙare, abokan aikina da suka fito ƙasa ɗaya da manajojinmu sukan sami wani cikin kwanaki, ni kuwa sai na yi makonni ina jira. A taro sukan juya harshe su bar ni zuru. Wannan wariya ce ko zargi ne kawai nake yi? Wata 'yar'uwa, New Jersey.

'Yar'uwa, wannan koken ya kai gaban kotu a Amurka fiye da sau ɗaya, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A Nuwamban 2018 masu taya alƙali yanke hukunci a Oakland ta jihar California sun wanke TCS daga zargin fifita 'yan Kudancin Asiya wajen sallama. A Oktoban 2024 kuwa, a kotun tarayya ta Los Angeles, wasu masu taya alƙalin suka sami Cognizant da laifin nuna bambanci ga ma'aikatan da ba 'yan Indiya ba, a matsayin ɗabi'ar da ta zauna a kamfanin. Tun 2017 aka shigar da wannan ƙarar, zaman farko a 2023 ya watse ba tare da an cimma matsaya ba. Hujjar masu ƙara ta ginu a kan benci: a cire mutum daga aiki, a bar shi mako biyar ba gurbi, a sallame shi, a sa wanda aka kawo da biza. Kamfanin ya musanta, ya ce zai ɗaukaka ƙara.

Darasin da ke cikin shari'o'in biyu, a ganinmu, shi ne a irin wannan sana'a wurin rabon aiki ake yin adalci ko zalunci. Takardar sallama tana zuwa ne daga baya, da dalilinta mai tsabta: babu aiki. Don haka hujjarki a kan rabon za ki gina ta. Ki buɗe littafi a gida. Kowane gurbi da kika nema ki rubuta ranar, ƙwarewar da aka ce ana so, wanda ya yi miki tambayoyi, amsar da aka ba ki, da wanda aka ba gurbin idan kin sani, tare da shekarunsa a aiki. Doka kwatanci take so: mutum biyu masu matsayi ɗaya da ƙwarewa kusan ɗaya, aka yi musu hukunci dabam. Juya harshe a taro shi kaɗai da wuya ya ci shari'a, amma idan a cikin wannan hirar ake raba ayyuka, ki rubuta ranar da abin da ya biyo baya. Bayan kowane taro ki aika imel mai ladabi kina neman a rubuto abin da aka yanke.

Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, a babinta na bakwai, ta hana bambanci saboda launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasa, a duk kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye. Hukumar EEOC, mai kula da daidaito a wurin aiki, ake fara kai wa ƙara kafin kotu, kuma akwai wa'adi: kwana 180 daga ranar da abin ya faru, ya kai 300 a jihohin da ke da tasu hukumar. Ki yi lissafi da 180. Koken da kika kai sashen ma'aikata ba ya tsayar da wannan agogon, nan ne mutane da yawa suke makara suna jiran binciken cikin gida. Duk da haka ki kai koken a rubuce, ki ambaci bambanci saboda asali ƙarara, domin daga ranar doka ta hana a rama a kanki, kuma ramuwar gayya kan fi wariyar kanta sauƙin tabbatarwa.

Kada ki kwashi takardun kwastoma ko na kamfani ki tura imel ɗinki na gida da sunan tara hujja. Wannan kaɗai ya isa a kore ki da dalili mai ƙarfi, ya kuma lalata ƙararki.

Sai mu ƙara da cewa abokan aikin nan naki ba lallai su ne masu cin moriya ba. Mai bizar H-1B, wato bizar aikin ƙwararru, zamansa a ƙasar a ɗaure yake da kamfaninsa. Idan aka sallame shi, kwana 60 kawai gare shi ya sami wani ko ya tattara iyalinsa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya ƙin aikin dare, ba ya jayayya a kan albashi, abin da ya sa wasu manajoji suke son sa ke nan. Dokar bizar ta ce dole a ci gaba da biyansa ko yana benci, wanda hakan ma wani dalili ne na gaggauta sama masa gurbi kafin ke. Ita kanta harkar bizar ta sha jawo hukunci: a 2013 Infosys ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 34 don sasanta zargin amfani da bizar ziyarar kasuwanci wajen kawo ma'aikata.

Duk shekara manajana yana yabona, kwastoma ma ya rubuto godiya. Da sakamakon awon ƙwazo ya fito sai na ga makin tsakiya, ba ƙarin girma, ƙarin albashi ɗan kaɗan. Da na tambaya sai ya ce ba shi ya yanke ba. Yaudarata yake yi? Wani magidanci, Dublin.

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa maka, sai dai bai ƙarasa ba. Manaja shawara yake bayarwa. Daga nan manajojin sashe su zauna a taron daidaita maki, a jera duk masu matsayi ɗaya, a raba su bisa kason da aka ƙayyade tun kafin a duba aikin kowa, domin kuɗin ƙarin albashi an riga an yanke shi. Wannan salo Jack Welch ne ya yi masa suna a General Electric: kashi 20 a sama, 70 a tsakiya, 10 a ƙasa. Microsoft ya watsar da shi a 2013, Accenture ya sanar a 2015 cewa ya daina jera ma'aikata da awon shekara-shekara. Amma ko inda aka soke sunan, muddin kuɗin a ƙayyade yake, sai an yi wani irin jeri a bayan ƙofa.

A wannan taro kowane suna minti kaɗan yake samu. Wanda manajansa ya zo da lambobi yakan wuce, wanda aka ce masa "yaron kirki ne, yana ƙoƙari" yakan zauna a tsakiya. Ma'aikacin kwangila yana da wata matsala ta daban: wanda ya ga aikinsa kullum ma'aikacin kwastoma ne, ba ya cikin ɗakin. Idan kuma ka canja aiki a tsakiyar shekara, sabon manaja watanni uku kawai ya sani.

Gyaran na shekara mai zuwa ne, kuma tun watan farko ake fara shi. Ka nemi takardar da ta bayyana abin da ake so daga matsayin da ke samanka, ka zauna da manajan ku zaɓi abu uku ko huɗu da za a iya aunawa. Ka tambayi watan da ake taron daidaitawa, domin yakan riga ranar bayyana sakamako da makonni, kuma duk abin da ka kawo bayansa ya makara. Mako biyu kafin taron ka ba shi shafi ɗaya: abin da ka gina, matsalar da ya warware, lokaci ko kuɗin da ya rage, kason awanninka, da wasiƙar kwastoma. Duk ranar da za ka bar wani aiki, ka karɓi ra'ayin shugabansa a rubuce kafin ka tafi.

Makin bana kuwa, yawancin kamfanoni suna da ƙofar ƙorafi mai gajeren wa'adi. Da wuya a canja maki, amma ka nemi dalili a rubuce. Tunda a Ireland kake, akwai dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan bayyana albashi, wadda aka ba ƙasashe zuwa 7 ga Yunin 2026 su shigar cikin dokokinsu. Ta ba ma'aikaci damar tambayar matsakaicin albashin masu aiki irin nasa, maza da mata dabam-dabam.

Ina aikin kamfani da rana, da dare ina rubuta wa wasu manhaja a biya ni. Lokacina ne, ina ruwan kamfani? Wani matashi, Legas.

Ruwansa yana cikin takardar da ka sa wa hannu. Ka duba sakin da ya yi magana a kan aiki na biyu da kuma mallakar abin da ka ƙirƙira. A Satumban 2022 shugaban Wipro, Rishad Premji, ya ce sun kori mutum 300 da aka gano suna yi wa abokan hamayyarsu aiki a ɓoye. Idan wanda kake wa aikin dare ba kwastoman kamfaninku ba ne, ba kuma abokin gogayyarsa ba, nemi izini a rubuce, wasu suna bayarwa. Kada ka taɓa yin sa a kwamfutar ofis, ana ganin abin da ke gudana a kanta, kuma kamfani na iya cewa manhajar tasa ce.

An tura ni ofishin kwastoma, sun sa taron mako ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya. Manajana ya ce kwastoma ba a ja da shi. Yaya zan yi da sallar Juma'a? Wani bawan Allah, Texas.

Kamfaninka ne ke da alhakin sama maka mafita, ba zai fake da kwastoma ba. Dokar 1964 da muka ambata ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa, sai idan hakan zai ɗora masa nauyi mai yawa. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya Kirista da ya ƙi aikin Lahadi, ta ce nauyin sai ya zama babba a ma'aunin harkar kamfanin, ɗan ƙaramin tsaiko bai isa ba. A 2015 ma ta goyi bayan wata Musulma da shagon Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka saboda ɗankwalinta.

Ka rubuta wa sashen ma'aikata, ka sa manajan a kwafi. Faɗi lokacin da za ka fita da wanda za ka dawo, minti 90 misali, da yadda za ka rama: shigowa da wuri, ko aika rahotonka kafin taro, ko wani ya wakilce ka. Ka tuna lokacin azahar a agogo yana motsawa idan aka canja awa a Maris da Nuwamba, ka duba jadawalin masallacinku ka sa duka biyun. Sau da yawa kwastoman bai ma san da maganar ba, manaja ne ke tsoron tambaya.

Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke ni, ya tura ni wani babban kamfanin kwangila, shi kuma ya tura ni banki. Shekara uku ina wannan aiki. Ranar Litinin aka ce kwangila ta ƙare, in rubuta takardar ajiye aiki don kada fayil ɗina ya ɓaci. Ban rubuta ba tukuna. Me kuke gani? Wata uwar gida, Abuja.

Hajiya, kin kyauta da ba ki rubuta ba. Ƙarewar kwangila ba laifinki ba ce, babu abin da zai ɓata fayil. Wanda ya ajiye aiki da kansa yakan rasa kuɗin notis da duk wani haƙƙin sallama, kuma idan aka je kotu sai ya fara da tabbatar da cewa tilasta masa aka yi. Ki amsa musu a rubuce cewa ba ki ajiye aiki ba, kina nan a shirye, idan sun yanke sallama su ba ki takarda mai kwanan wata da dalili.

Ki ɗauko takardar ɗaukarki ki ga sunan wa ke kai, da sunan da ke fitowa a saƙon albashi. Shi ne mai ɗaukarki a takarda. Amma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'o'in ƙwadago a sashe na 254C, takan duba wanda ke ba da umarni a zahiri, kuma a wasu shari'o'in ta ɗora alhaki a kan kamfanin da ya ɗauka da wanda aka yi wa aikin gaba ɗaya. Don haka ki adana katin shiga ofis, imel ɗin da ake ba ki aiki, da wanda ke amince miki da hutu. Kotun tana zama a Abuja, Legas, Kano, Kaduna da wasu garuruwa.

Game da notis, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai biyar. Sai dai dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, kuma injiniyan manhaja zai iya faɗawa cikin waɗanda aka cire. A nan abin da takardarki ta ce shi ne abin riƙo, ko notis ko albashinsa a madadi. Ki lissafa har da kwanakin hutun da ba ki ci ba.

Ki kuma nemi bayanin asusunki na fansho tun daga watan farko. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya sa aƙalla kashi 10, a cire miki kashi 8, a tura cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi. Ƙananan kamfanonin da ke tsakiya nan suka fi yin ha'inci, a cire a takarda ba a tura ba. Idan kin ga giɓi, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ake kai wa. Idan kuma kika yi wata huɗu ba ki sami wani aikin ba, kina da damar cire kashi 25 na abin da ke asusun. Duk takardar da suka kawo mai cewa kin karɓi haƙƙinki duka, ba ki da sauran magana, ki tafi da ita gida, lauya ya karanta kafin ki sa hannu.